Ƙarfen da ruwa bai sa shi tsagewa

Ƴan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban maƙera a Zinder ko Maradi ya san dokar nan: a gasa ƙarfe sai ya yi jajir, a tsoma shi a ruwa, sai ya yi tauri. In taurin ya wuce kima kuma, bugu ɗaya sai ya tsage. Ni tarihin da nake son in ba ku na wani ƙarfe ne da ya ƙi bin wannan doka.

Bari in fara da abin da ke faruwa a ciki. Idan zallan ƙarfe ya kai zafin digiri 912, ƙwayoyinsa sukan sake jeri. Idan akwai kabon, wato sinadarin gawayi, canjin yakan fara tun daga digiri 727. Wannan sabon jeri shi ake kira ostenit, sunan da masanin Faransa Floris Osmond ya raɗa don girmama Baturen Ingila Roberts-Austen. Ostenit yana da laushi, yana jure lanƙwasa, maganaɗisu ba ya kama shi. Matsalarsa ɗaya: ba ya zama. Da ƙarfen ya huce sai ya rikiɗe, in kuwa a ruwa aka sanyaya shi da gaggawa, sai ya koma martansit, mai tauri amma mai saurin karyewa.

A 1882, a birnin Shefil na Ingila, wani saurayi da bai kai shekara 25 ba, Robert Hadfield, yana gwaji a masana'antar mahaifinsa. A lokacin an riga an san cewa manganez, in ya kai kashi 3 zuwa 7 cikin 100, yakan sa ƙarfe ya riƙa fashewa kamar kwalba. Kusan kowa a nan ya tsaya. Shi ya ƙara, har wajen kashi 12 zuwa 13, da kabon sama da kashi 1 kaɗan. Da ya gasa shi zuwa wajen digiri 1000 ya tsoma a ruwa, maimakon ya tsage sai ya ƙara juriya. Manganez ne ya riƙe ostenit ɗin, ya hana shi rikiɗa ko bayan ya huce.

Kun san wani abin mamakin? Duk inda aka bugi wannan ƙarfe, fuskarsa ƙara tauri take yi, cikinsa kuwa yana nan da laushinsa. Shi ya sa aka yi amfani da shi a mahaɗar layin dogo da haƙoran injin niƙa duwatsu, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya da shi aka ƙera hular kwanon sojojin Ingila. A 1912 kuma, a kamfanin Krupp na Jamus, aka riƙe ostenit da nikel, haɗe da kurom, aka samu ƙarfen da ba ya tsatsa. Ku kai maganaɗisu kan cokali mai kashi 18 na kurom da 8 na nikel, za ku ga da ƙyar yake kamawa.

Ni a ganina, maƙeranmu ba su yi kuskure ba. Dokarsu daidai take ga ƙarfen da ke hannunsu. Amma mu da muke karatu, aikinmu ne mu tambayi iyakar kowace doka, don Hadfield wurin da aka ce an gama ya ci gaba da awo.