Ya'un Nisba: Tarihin Harafin Dangantawa

Ya'un nisba ɗafa-ƙeya ne na harshen Larabci, wato harafin ya mai shadda wanda ake liƙa wa ƙarshen suna, a yi wa baƙin da ke gabaninsa kisira, domin a nuna cewa mutum ko abu ya danganta ga wannan suna ta wajen asali, ko mazauni, ko sana'a, ko mazhaba. Mutumin Misra shi ne Misriyyu, macen kuwa Misriyya, amma idan mai magana ya yi waƙafi a kan kalmar sai shaddar ta yi sauƙi, kunne ya ji Misri kawai. Wannan gajeriyar siga ta waƙafi, tare da sigar mace mai ƙarewa da -iyya, su ne suka fita daga ƙasar Larabawa suka shiga bakunan al'ummai daga Andalus har Hindu, kowace al'umma kuwa ta ɗauki abin da take bukata ta bar saura.

Harafin ya girmi Larabcin da aka rubuta. Ana samun ɗan'uwansa a Ibrananci, inda ake ce wa mutumin Yahuza Yehudi, da kuma harshen Gi'iz na Habasha, inda yake zuwa da sigar -awi, kamar Ityopyawi ga mutumin ƙasar. Har ma masu binciken rubutun Misra ta zamanin Fir'aunoni, da suka tarar da ɗafi irinsa a wancan tsohon harshe, sai suka ari sunan da malaman nahawun Larabci suka ba shi, suka kira shi nisba.

Babban wanda ya shimfiɗa hukunce-hukuncensa a rubuce shi ne Sibawaihi, malamin Basra, wanda ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, kuma a cikin Alkitab ya kira babin da sunaye biyu, ilafa da nisba. Waɗanda suka biyo bayansa, har zuwa Ibn Malik mai Alfiyya da ya rasu a Dimashƙa a shekara ta 672 ta Hijira, sun tace ƙa'idojin nan har suka zama abin da almajiri ke haddacewa. Ta kuri takan faɗi, shi ya sa ake cewa Makkiyyu da Basriyyu. Sunan da ke kan awon Hanifa da Madina yakan rasa ya ɗinsa na tsakiya, a sami Hanafiyyu da Madaniyyu. Wani sunan kuma wawu ke ɓullo masa, kamar Alawiyyu daga Aliyu da Nabawiyyu daga Annabi. Jam'i yakan koma tilo kafin a danganta gare shi, sai fa idan ya riga ya zama sunan jama'a sananniya, kamar Ansar, sai a ce Ansariyyu. Abin da ya fi ɗaukar hankali a babin kuwa shi ne yawan kalmomin da suka ƙi bin ƙiyasi, waɗanda malaman ba su ga damar gyara su ba, sai suka karɓe su yadda aka ji su daga bakin Larabawa, suka ce na sama'i ne: mutumin Marwa Marwazi ne, na Rayyu Razi, na San'a'a San'ani, na Hadramautu Hadrami, Baƙuraishe kuwa Ƙurashi. Akwai adalci a cikin wannan hali nasu, domin mai nahawun da ya san inda ƙa'idarsa ta tsaya ya fi wanda ke tilasta wa harshe bin allonsa.

Da Musulunci ya yaɗu, birane suka yi yawa, sunaye irin su Muhammadu da Ahmadu suka cika ko'ina, sai nisba ta zama makami a hannun malaman hadisi, waɗanda ba su da wata hanya ta rarrabe maruwaici amintacce daga takwaransa mai rauni sai sun san garin kowa da kabilarsa. Ta haka ne sunayen garuruwan Khurasan da na bayan kogin Jaihun suka zauna a harshen kowane ɗalibi: Buhari na Bukhara ne, Tirmizi na Tirmiz, Nasa'i na Nasa, Abu Dawuda kuwa Sijistani ne. Wasu sana'a aka danganta su gare ta, kamar Hariri mai Maƙamat da aka jingina ga alharini, da Mawardi ga ruwan wardi. Har yau kuma ana saɓani kan Imam Gazali, ko sunansa mai shadda ne daga sana'ar kaɗi, ko kuwa maras shadda daga wani ƙauye na yankin Ɗus. Fannin ya girma har Sam'ani, mutumin Marwa da ya rasu a 562 ta Hijira, ya tara Kitabul Ansab, Ibn Asir ya taƙaita shi a cikin Allubab, Suyuɗi kuma ya sake taƙaita taƙaitawar a cikin Lubbul Lubab. Ɗaya daga cikin irin waɗannan sunaye ya yi tafiyar da mai shi bai taɓa zato ba, shi ne na Alkhawarizmi, masanin hisabi na Bagadaza wanda aka danganta ga Khawarizm, domin Turawan da suka fassara littafinsa zuwa Latin sun mai da sunan Algoritmi, daga nan ne kuma kalmar da masu ilmin kwamfuta ke kiran tsararrun matakan lissafi da ita ta samo asali.

Sigar mace kuwa wani aiki dabam ta samu, wanda ya fi na farko zurfi. Tun a cikin Alƙur'ani akwai jahiliyya da rahbaniyya, kalmomin da suke nufin hali ko zamani dungurungum. Amma sai a zamanin Abbasiyawa, sa'ad da ake juyar da littattafan falsafar Yunanawa zuwa Larabci, masu fassara suka gane cewa da wannan ɗafi za su iya ƙera suna ga kowace ma'ana da hankali ke riska ido bai gani ba. Daga kaifa, wato yaya, suka fitar da kaifiyya; daga kam, wato nawa, kammiyya; daga huwa, wato shi, huwiyya. Malaman sarfu na baya sun sa wa wannan gini suna masdar sina'i, wato ƙerarren masdari, kuma Majalisar Harshen Larabci ta Alƙahira, wadda aka kafa a 1932, ta yanke cewa halal ne a yi ƙiyasi a kansa, don haka kalmomin siyasar zamani kamar jumhuriyya da ishtirakiyya da ƙaumiyya duk ta wannan ƙofa suka shigo. A 1977 ma Mu'ammar Gaddafi ya ƙera jamahiriyya daga jam'in jumhur ya sa wa ƙasar Libiya.

Farisanci yana da nasa -i tun daga tsohon harshen Pahlawi, sai na gida da na baƙo suka haɗu suka zama kamar abu guda, Shirazi da Tehrani suka zauna daidai da Makki da Madani. Daga Farisanci kuma al'adar ta gangara Hindu, inda ake cewa Dihlawi ga mutumin Delhi. Turkawan Daular Usmaniyya sun karɓi sigar macen da lafazin -iyet da -iye, kamar yadda ake gani a sunan masallacin Süleymaniye da aka gama a 1557, da jaridun Cumhuriyet da Hürriyet. Amma bayan an sauya baƙaƙen rubutu a 1928, masu tsarkake harshe suka yi ta ƙoƙarin maye gurbin -i na Larabci da -sel ko -sal, suna cewa tarihsel a maimakon tarihi, ko da yake sunan ƙasar da kansa, Türkiye, da sunan jamhuriyar, ba su rabu da tsohon ɗafin ba.

A cikin harsunan Turai kuwa ya yi saiwa sosai a harshen Sifen, saboda zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492. Gadun daji a can jabalí ne, daga jabali, wato na dutse. Abin da ba shi da daraja baladí ne, daga baladi, wato na gida. Tsohon kuɗinsu maravedí daga dinarin Murabiɗun ya samo suna, mutanen da suka taso daga Sahara ta yamma. Shaidar cewa ɗafin ya zama nasu kuwa ita ce sun liƙa shi ga sunan sarkinsu Kirista, Alfonso na Goma, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, suka ce alfonsí ga abin da ya shafi zamaninsa. Ingilishi ya tsaya ne ga sunayen mutanen Gabas kamar na Iraƙi da Kuwait da Pakistan, Swahili kuwa ya ɗauki saiwar hurr ya sa mata nasa ɗafa-goshi ya ce uhuru.

Zuwansa ƙasar Hausa ta hanyar littafi ne da ɗariƙa. Almajirin zaure yana furta nisba tun kafin ya kai babinta, domin Ahalari da Ishmawi da Ƙurɗabi duk sunayen dangantawa ne, haka Iziyya da Ishiriniya da Hamziyya, har Alfiyyar da za ta koya masa hukuncin ma ga alf, wato dubu, aka danganta ta. Malaman ƙasar nan kuma, in sun yi wallafa da Larabci, sukan jera nisbobinsu ɗaya bayan ɗaya, ta nasaba da ta gari da ta mazhaba da ta ɗariƙa, kamar Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin hisabi na Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, da Shehu Muhammadu Lamino Alkanemi na Barno. Zuriyar alhazan da suka zauna a Hijaz kuwa har yau suna amsa Hausawi da Barnawi. Ya kamata a lura cewa wawun Alkanawi, wato mutumin Kano, daga ƙa'idar Larabci ya fito, alhali -awa na Kanawa jam'in Hausa ne na asali, kamannin da ke tsakaninsu bai sa sun zama abu ɗaya ba.

Sa'an nan Hausawa suka yi wani abu na ƙauna, suka mai da nisbobin waliyyai da malamai sunayen yanka, har aka sami Buhari da Sanusi da Tijjani da Jazuli da Shazali a gidajen da ba a taɓa jin labarin Bukhara ko kabilar Jazula ba. Sai dai ba kowane -i ne nisba ba. Na littafi da lokaci da alƙalami wasali ne da Hausa ke ƙarawa don ba ta son kalma ta ƙare da baƙi. Sani daga kalmar Larabci mai nufin na biyu yake. Safiyya da Zakiyya da Mardiyya kuwa ya ɗinsu daga jikin kalmar ya taso, ba liƙa shi aka yi ba, saɓanin Adawiyya da Badawiyya.

Dalilin da ya sa Hausa ba ta mai da ya'un nisba kayan aikinta na yau da kullum ba a fili yake, domin ta riga ta mallaki ba- da -awa na dangantawa, da -ci da -ntaka na ma'anoni, shi ya sa ta ce Balarabe da Larabawa da Larabci, ta kuma raba aiki tsakanin tagwaye: jahiliyya zamanin da ya gabaci Manzanci, jahilci kuwa halin rashin sani a kowane zamani. Abin da ta karɓa da hannu biyu shi ne -iyya na ƙungiya da tafarki, wanda Ƙadiriyya da Tijjaniyya da Malikiyya suka saba wa kunnenta da shi, sa'an nan Islamiyya ta zama sunan irin makaranta, jam'iyya ta zama sunan ƙungiyar siyasa. A nan ne kaɗai ɗafin ya haihu a cikin Hausa, domin a siyasar Kano ta wannan ƙarni an ji Kwankwasiyya, daga sunan Rabi'u Musa Kwankwaso wanda shi ma sunan garinsu ne a ƙasar Madobi, an ji Gandujiyya, an kuma ji Buhariyya, wadda nisba ce aka ɗora a kan nisba, ta farko ga wani birni na Asiya ta Tsakiya, ta biyu ga Buhari ɗan siyasa, mutumin Daura.