Tafkin Lasuri

Tafkin Lasuri wani tafki ne da ke jihar Damagaram, a kudancin Jamhuriyar Nijar, cikin yankin da ruwansa ke gangarawa Tafkin Chadi. An sanya shi cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a ranar 16 ga Satumba, 2005.

Da damina tafkin yakan cika, da rani kuma ya rarrabu zuwa ƙananan kududdufai marasa zurfi. Itatuwan bagaruwa da gawo da giyayya sun kewaye shi, dubban tsuntsayen ruwa na sauka a wurin.

Tarwaɗa da gaiwa su ne manyan kifayen da masunta ke kamawa. Idan bazara ta tsananta ruwa ya ƙafe, gaiwa takan shige cikin laka ta kwanta, tana shaƙar iska, har ruwan sama ya dawo.