Faifai

Faifai (suna, namiji, jam'i: fayafayai).

1. Zagayayyen saƙi na kaba ko ciyawa da mata ke rufe ƙwarya da shi.

2. Faifan garmaho: baƙin zagayayyen allo mai siraran layuka, wanda idan allura ta bi su sai murya ta fito. Na dauri, mai juyi 78 a minti, gautsi gare shi. Na roba, mai juyi 45 ko 33, ya fi juriya, illa dai zafin bazara irin na Diffa a Nijar yana tanƙwara shi, ƙurar hunturu kuma ta cika layukansa, har ya zamana wanda ya gaji irinsa a garuruwan bakin kogin Komadugu, ko a Maine-Soroa ko a Bosso, amana ce babba a hannunsa. Daga cikin waɗanda masu tarawa ke nema akwai na kamfanin Ocora na Faransa, wanda Tolia Nikiprowetzky ya ɗauko kiɗan marokan Nijar a cikinsa a shekarun 1960.

*Juya faifai*: naƙalto sautinsa zuwa kwamfuta. Ladabin aikin shi ne a wanke shi da tataccen ruwa, a sa allurar da ta dace da juyinsa, a ajiye kwafin farko ba tare da an goge ƙarar tsufa ba, sannan a rubuta sunan makaɗi da garinsa da shekara. Domin kuwa, a ganinmu, sautin da ba isnadi rabin fa'idarsa ta tafi.

Misali: *Alhaji, kada a jingine faifan nan a rana.*