Asalin Jan Bulo na Naraguta

Wanda duk ya fita Jos ta hanyar Bauchi zai ratsa Naraguta. Nan Turawan kamfanin Neja suka kafa sansanin haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, tun Jos ba ta zama gari ba. Kuza suka zo nema, yumɓun da ke ƙarƙashin ƙafarsu kuwa ba su dube shi ba, sai mata masu ginin tukwane.

A zamanin da, tubali Bahaushe ya sani. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a cura da hannu, a shanya a rana. Amma ruwan Jos mai yawa ne, ginin ƙasa kuwa kowace damina sai ya nemi yaɓe. Da siminti ya shigo, sai kowa ya koma kansa.

To, a 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Ƙasa, aka ajiye hedikwatarta a Jos. Ba a jima ba sai ga rikicin siminti na 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni, an rasa wurin sauke kaya. Masu hankali suka ce, don me za mu sayo abin gini daga ƙetare alhali ga yumɓu kwance? Hukumar ta kakkafa masana'antun gasa bulo a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Maiduguri da Inugu, ta Jos kuwa aka dasa ta a Naraguta.

Ga yadda ake yin jan bulo. A haƙo yumɓu a niƙa, a kwaɓa da ruwa, inji ya matso shi doguwar sanda mai ramuka, waya ta yayyanka. Sai a bar shi ya sha iska sosai, don ɗanye in ya shiga wuta tsagewa yake yi. Daga nan a gasa da zafin da ya kai wajen digiri 1,000. Ƙarfen da ke cikin ƙasar shi ke juyewa ja. Magini yakan ƙwanƙwasa biyu, in ya ji ƙara kamar ƙararrawa ya san ya gasu. Jan bulo ba ya son filasta, ba ya son fenti.

Da farashin kuza ya faɗi a shekarun 1980, hukumar ta yi rauni, daga baya gwamnati ta sa kamfanoninta a kasuwa. Abin takaici ne ƙwarai, don magina sun koma bulon siminti mai tsada, yumɓun Naraguta kuwa bai ƙare ba.