Kunne, Ƙwan Fitila da Kwamfuta: Tarihin Gyaran Tsofaffin Motoci a Kaduna ta Arewa

Mu ɗaliban Hausa mun saba, da an ce tarihin sana'a sai hankalinmu ya tafi ga ƙira da jima da rini da dukanci. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai wata sana'a wadda ta daɗe da zama 'yar gida a ƙasar Hausa, tana da kalmominta da ladubbanta da hanyar da take yaye yaranta, ga shi kuwa da wuya a ga an ba ta shafi ko ɗaya a mujallunmu. Ina nufin kanikancin mota. Ni na tashi a Tudun Wadar Kaduna a hannun kawuna, wanda yake da gareji a gindin wata dalbejiya, kuma kowane hutun makaranta ni ne mai wanke noti da fetur a cikin tasa. Saboda haka abin da zan kawo a nan, rabi tarihi ne da kowa zai iya bincikawa, rabi kuwa abin da idona ya gani.

Kaduna gari ne da reluwe da soja da aikin gwamnati suka haifa. A cikin 1917 aka mai da hedkwatar Jihar Arewa daga Zungeru zuwa nan, kuma kanikawan farko a ma'aikatun gwamnati da na kamfanonin Turawa suka koyi riƙe sifana. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojinmu da suka komo daga Bama sun ƙara yawan masu iya tuƙi da gyara. A 1956 aka buɗe makarantar koyon fasaha a Tudun Wada, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Duk da haka, a waɗannan shekaru mota abar manya ce, gyaranta kuma yawanci a garejin kamfanin da ya sayar da ita.

Shekarar 1975 ce ta juya al'amarin. A cikinta masana'antar harhaɗa Peugeot ta Kakuri, can ƙetaren kogi, ta fara fitar da motoci, kuma a cikinta kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Da farko ma ta jirgin sama ake kwaso sassan motocin daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, kana a biyo da su ta hanya zuwa Kaduna. Bayan rasuwar Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar hukuma. To, tun da manya suka shiga Fijo, kamar yadda muke kiranta, sai kowa ya bi. A kudancin kogi ake haihuwarta, amma a arewacinsa take tsufa: a tashar Kawo inda doguwar 504 take lodin Zariya da Kano da Katsina, da garejojin Kurmin Mashi da Tudun Wada, da kasuwar Panteka, inda babu ƙarfen da ake yi wa jana'iza. Abin da ya mutu a jikin wata mota, can za a ciro ɗan'uwansa daga gawar wata, ko a ƙera shi.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, kusan shekara goma sha biyar kanikawan Kaduna mota iri ɗaya suke gani safe da yamma. Wanda ya kwance giyabos ɗin 504 sau ɗari, ai ko da daddare aka tashe shi zai ɗaura. Daga nan ne ilimin gane ciwon mota ya kai wani matsayi da har yanzu nake mamakinsa.

Kawu ba ya taɓa sifana sai ya gama tambaya, kamar dai malamin asibiti. "Alhaji, yaushe take yin kukan? Da safe ko in ta yi zafi? In ka taka totur ko in ka ɗaga ƙafa?" Sa'an nan ya karɓi makulli, mu hau titin Zariya. Idan ya sa giya ta huɗu a kan hawa ya taka mai, inji ya yi ta ruri amma gudu bai ƙaru ba, ya san faifan kuloci ya cinye. Idan ƙara tana fitowa sai an taka kuloci, boris ɗin da ke danna kulocin ne. Idan kuwa tana nan mota na tsaye ba giya, da an taka sai ta ɗauke, to ciwon yana cikin giyabos. Kukan da ke tasowa daga baya, wanda yake sauya murya tsakanin taka mai da sakin mai, na haƙoran bakaksil ne. Wanda kuwa yake ƙaruwa in an karkata sitiyari gefe ɗaya, ya ragu in an karkata ɗaya gefen, boris ɗin ƙafa ne. In mun komo gareji sai ya dafa bakin dogon sukudireba a jikin ƙarfe, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya kan ce mini, "Kai yaro, mota ba ta ƙarya, mai ita ne ke yi." Gaskiyarsa kuwa, don sau da yawa mai mota zai rantse ya zuba man giya, a kwance noti a tarar da wurin ƙaƙas.

Ɓangaren wuta yana da nasa gwani, wanda ake kira riwaya. Kada malaman adabi su zaci riwayar da suka sani ce. Kalmar Ingilishi ce bakin Bahaushe ya tanƙwara, ta zo ta yi kama da tamu. Kayan aikin riwaya na wancan zamani bai wuce ƙwan fitila guda da aka ɗaura wa waya biyu ba. Ya kafa ɗaya a jikin bodi, ya bi da ɗayar gaɓa gaɓa. Inda ƙwan ya daina kamawa, nan wuta ta tsaya. Kawu, ko da yake inji da giya ne fanninsa, ya iya wannan daidai gwargwado. Mota ta ƙi tashi? A kunna fitilun gaba a murɗa makulli. In suka dushe, batir ne ya yi sanyi, ko kansa ya yi gishiri, ko kik yana jan wuta fiye da kima. In suna nan tar amma sai ɗan ƙas ake ji, a nemi laifin a kik ko wayar da ke zuwa gare shi. In kik yana juyawa inji bai kama ba, abu biyu ake fara nema, mai da tartsatsi. A ciro wayar fulogi a kusanta ta da ƙarfe a ga ko za ta yi walƙiya, a buɗe distiributa a goge kwantak a daidaita tazararsa, a busa kafireta. Da hunturu ƙura ce ke toshe kafireta, da damina kuma laima ce ke shiga hular distiributa. Iyakar duniyar ke nan, kuma mutum ɗaya yana iya riƙe ta duka a kansa.

Akwai wata dabara da kowa yake yi a lokacin: in ana so a san ko altaneta tana caja, sai a zare kan batir inji yana aiki. In bai mutu ba, an ce lafiya. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kanta.

A cikin 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki. Nairar da a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja, kafin shekarar ta ƙare sai an ba da fiye da uku a karɓi dala ɗaya, kuma ta ci gaba da gangarawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta, har ma da malamin jami'a. Sai tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. A sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, wasu a ratso da su ta Nijar, ta Gaya da Ƙonni da Maraɗi, su faɗo mana ta Illela ko Jibiya. Golf da Opel da Honda da Toyota suka cika gari. Gwamnatoci sun yi ta sa iyaka ga shekarun motar da za a shigo da ita suna sauyawa, har a farkon 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa. Ita kuwa 504, a wajen 2006 aka daina harhaɗa ta a Kakuri, shekarar da aka sayar da hannun jarin gwamnati a kamfanin.

Waɗannan baƙi sun zo da abu biyu da kanikawanmu ba su saba da su ba. Na farko, yawancinsu da ƙafafun gaba suke ja. Babu farfela, babu bakaksil, sai shaf biyu masu gwiwa a cikin rigar roba. Wannan bai ba su wuya ba. Nan da nan suka gane cewa ƙas-ƙas-ƙas in an karya kwana, gwiwar shaf ce, robarta ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Kunne ya yi aikinsa. Na biyun shi ne ya zama ƙarfen ƙafa: injekta a maimakon kafireta, da wani ɗan akwati da ke lissafa mai da wuta, wanda aka laƙaba wa suna birenbos. Shi ba ya kuka, ba ya ɗumi, ba ya yoyo. Me kunne zai ji?

Ina nan ranar da aka kawo wa Kawu irin wannan mota karo na farko, wajen tsakiyar shekarun 1990. Mai ita ya ce batir yana yawan mutuwa. Kawu ya yi abin da ya yi shekara ashirin yana yi, ya zare kan batir inji yana aiki. Inji ya mutu, kuma bai sake tashi ba. Abin da bai sani ba shi ne, batir yana shanye tsallen da wutar altaneta take yi. Da ya rabu da layi sai wutar ta haura, ta ƙone birenbos. Kwana tara motar tana gindin dalbejiya. Mai ita ya zo da 'yan'uwansa, aka yi ta cacar baki a gaban yaran gareji, ƙarshe Kawu ya sayar da babur ɗinsa ya sayo wani akwatin na hannu. Ban taɓa ganinsa ya yi shiru irin na wannan makon ba. Ba kuɗin ne ya fi cin ransa ba. Ya ce mini, "Ɗan nan, yau an kawo motar da ba ta magana da ni."

A nan ne, a ganina, sana'ar ta yi tuntuɓe, kuma ba zan ɓoye laifin mutanena ba. Maimakon a koyi harshen sabuwar mota, sai aka shiga mai da ita tsohuwa ƙarfi da yaji. A tuge injekta a ɗora kafireta. A cire abin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumi, wai ai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa; alhali kuwa birenbos da ya ga inji bai yi zafi ba sai ya yi ta ƙara mai, mota ta koma mashayiya. Fis ya ƙone, a naɗa masa zaren waya, wanda shi ba zai ƙone ba sai dai motar ta ƙone. A fasa salansa a kwashe matacin hayaƙin da yara suke kira indomi. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, a zare ƙwanta. Giya mai canja kanta kuwa, an kashe da yawa da man da ba nata ba. Amma kafin mu ɗora musu duka laifin, mu tambaya: wa ya koya musu? Motar ta zo ba littafi, in ma akwai da Jamusanci yake. Kwalejin Fasaha tana nan jifa kaɗan daga Panteka, amma tsakanin ajin injiniya da gindin dalbejiya akwai tafiyar da ta fi ta Kaduna zuwa Kwatano. Mu 'yan boko muka iya karanta zanen wayoyi ba mu iya riƙe filaya ba, su suka iya filaya ba wanda ya karanta musu zanen.

Daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da kafa iri ɗaya da za a soka na'ura ta karanto laifinsu, Turai ta bi sahu a 2001. Da waɗannan motoci suka tsufa suka iso mana, sai aka sami sabon gwani a garejojin Kaduna, yaro mai kwamfuta. Shi ne ya mayar wa mota da bakinta, kuma na ga ya warware cikin minti biyar abin da dā sai a kwana uku ana lalube. Sai dai na'urar lamba take bayarwa, lambar kuwa tana nuna layin da ake kuka da shi ne kurum. Ko na'urar awon ce ta mutu, ko waya ce ta tsinke, ko tsatsa ce, wannan sai an bi da hannu.

Shekarun baya kaɗan na kai tsohuwar Hondata wani gareji a Kurmin Mashi, tana fizga, fitilun gaban direba suna kamawa suna ɗaukewa. Kwamfuta ta kawo lamba har shida. Aka sa na sayi na'urar awo biyu, aka fara zancen birenbos. Na je gida na ɗauko Kawu, wanda tsufa ya riga ya zaunar, don dai ya sha iska. Ya zauna a kan benci yana sauraron yaron, sa'an nan ya ce, "Ɗana, abu shida ba sa mutuwa rana ɗaya. Me ya haɗa su?" Yaron ya yi jim, ya duba wayarsa ta hannu, ya nemo zanen wayoyin motar, ya ce duka shidan a wuri ɗaya suke komawa jikin ƙarfe. Kawu ya sa aka ɗauko awon wuta: batir 12.6 a tsaye, 14 inji yana aiki, watau caji lafiya lau. Aka bi wayar da ta haɗa inji da bodi, aka tarar da notinta ya yi kore, da an taɓa sai ya motsa. Yaron ya kankare wurin da takardar yashi ya ɗaure, ya goge lambobin, ba su komo ba.

Na biya kuɗin kwamfuta, na biya na aiki. Da za mu tafi yaron ya biyo mu har bakin mota, ya durƙusa ta wajen tagar Kawu ya ce, "Baba, a wace unguwa kake? Akwai wata Golf da ta kwana huɗu a nan." Kawu ya dube ni ya ce in rubuta masa kwatancen gidan.