Ɗan ruwa: tarihin wata shari'a da yaro bai taɓa cinta ba

A Danchadi da ƙauyukan Bodinga da Shagari, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya ka sami tsohuwar da ba ta san zancen ɗan ruwa ba. Yaro ne da ya shekara uku ko huɗu wuyansa bai tsaya ba, ba zama ba rarrafe, yawu na dalala, ko kansa ya rinjayi jikinsa. Sai a fara raɗa cewa ba mutum ba ne: uwar ta bar jinjiri shi kaɗai a ɗaki da magariba, ko ta je rafi da tsakar rana tana da ciki, mutanen ɓoye suka ɗauke nata suka ajiye nasu. Don gudun haka ne ake sa wuƙa ko wani ƙarfe a kan gadon jariri idan mai jego za ta zagaya.

Yadda ake tantancewa shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. A labarin da ake bayarwa, boka zai sa a dama fura, a ɗauki yaron zuwa bakin gulbi, a ajiye shi da ƙwaryar, uwa ta juya kada ta waiwaya. In ɗan ruwa ne, wai zai rikiɗa maciji ya sulale cikin ruwa. To ina hanyar da yaron da ba ya iya ɗaga kansa zai bi ya nuna shi ɗan Adam ne? In ya gangara ruwa ya ci shi, an ce ya koma gida. In aka dawo ba a same shi ba, an ce danginsa sun karɓe shi. Kullum mai labarin daga wani ya ji, shi ma daga wani, amma wanda aka ajiye ɗin yaro ne mai numfashi.

Ba mu kaɗai muka yi wannan ba. A ƙasar Ayalan, a 1826, wata tsohuwa mai suna Ann Roche ta riƙa tsoma Michael Leahy, ɗan shekara huɗu da ba ya tsayuwa ba ya magana, a kogin Flesk don ta kori aljanin da ke jikinsa, har ya mutu, kuma kotu ta sallame ta. A can ne kuma a 1895 Michael Cleary ya ƙone matarsa Bridget bisa zargin cewa aljanu sun musanya ta.  A arewacin Gana kuwa, sai a 2013 sarakunan yankin Kassena-Nankana suka shelanta haramta kashe irin waɗannan yara.

Amsar likitoci ta daɗe da zuwa. Tun 1861 wani likitan Ingila, William Little, ya danganta sanƙarewar gaɓoɓin yara da wahalar haihuwa. A 1866 John Langdon Down ya siffanta larurar da yau ke ɗauke da sunansa, a 1959 aka gano a Faransa cewa ƙarin ƙwayar halitta ta 21 ke kawo ta. Mu dubi namu: doguwar naƙuda a ɗaki har jariri ya fito bai yi kuka ba, shawarar da ke rina idon jinjiri a makon farko ana jiran ta wuce, zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, wanda a annobar 1996 kaɗai ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya. Kowanne cikinsu yana iya barin yaro da ainihin alamomin da boka ke lissafawa.

Mutumin ƙasar Bodinga bai ma buƙaci jiran Bature ba. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma a Nurul Albab ya yi tir da masu kai baiko ga itatuwa da duwatsu. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta tura jajiyoyinta, wato matan da ta karantar, ƙauyuka don su janye mata daga bori zuwa karatu. Imani da samuwar aljanu daban, yanke wa yaro hukuncin cewa ba mutum ba ne daban. Alƙur'ani ya gaya mana za a tambayi jaririyar da aka binne da rai laifin da ta yi, kuma babu malamin da ya halatta jefar da rai don nakasa.

A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa a Nijeriya, sai dai doka ba ta shiga ɗakin da kishiya ke habaici, miji ya daina leƙowa. Uwar da ke goye da irin wannan yaro, ki kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai likitocin yara da sashen gashin ƙashi, kuma fara motsa gaɓoɓi da wuri yana taimakawa. Jinjirin da idonsa ya yi rawaya a kai shi asibiti ranar da aka gani. Liman da unguwarzoma da mai unguwa, ku faɗa wa jama'a a fili cewa yaron nan ɗanmu ne.