Tarihin Gano Adiranalin da Kotisol

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da nauyinsa bai wuce giram biyar ba. Shi ke fitar da adiranalin da kotisol, sinadaran da ke shirya jiki idan tsoro ko yunwa ko ciwo ya taso. Adiranalin na sa zuciya bugawa da sauri, ya sa hanta ta zubo sukari cikin jini nan take. Kotisol ya fi shi jinkiri da daɗewa, yana sa jiki ya ƙera sabon sukari daga tsoka da kitse.

Likitan Landan Thomas Addison ne ya nuna a 1855 cewa lalacewar ƙullutun na kawo kasala da duhun fata da mutuwa. Wannan ba a jayayya a kansa. Inda littattafai suka rabu shi ne wanda ya fara tace adiranalin.

A 1894 George Oliver da Edward Schäfer suka yi wa kare allurar ruwan ƙullutun a Landan, jininsa ya hau nan da nan. Napoleon Cybulski ya ga irin haka a Krakow a 1895. Daga nan aka shiga rige-rigen raba sinadarin da sauran tarkace. John Jacob Abel na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya sanar a 1897 cewa ya samo shi, daga baya ya sa masa suna efinefirin. Sai dai abin da ke hannunsa bai tsarkaka ba, domin akwai wani sinadari da ya yi aiki da shi maƙale a jikinsa, ƙarfinsa kuma bai kai na asali ba.

Tsantsar ta fito ne a 1900 a wani ƙaramin ɗakin gwaji a birnin New York, inda Bajapane Jokichi Takamine ke aiki da matashin mataimakinsa Keizo Uenaka. Littafin da Uenaka ke rubuta gwaje-gwajensa yana nan har yau, kuma ya nuna cewa a hannunsa ƙwayoyin sinadarin suka fara daskarewa. Takamine ya sanar a 1901, kamfanin Parke-Davis ya fara sayarwa da sunan Adrenalin. Abel ya riƙe cewa ziyarar da Takamine ya kai ɗakin gwajinsa ce ta buɗe masa hanya. Ko da hakan ne, yabon tacewa na Uenaka da maigidansa ne, kuma an daɗe ana tauye wa Uenaka haƙƙinsa. Rabuwar ta bar suna biyu: likitocin Amurka na cewa efinefirin, na Ingila na cewa adiranalin. A 1904 Friedrich Stolz ya haɗa shi a Jamus ba tare da taɓa dabba ba.

Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana a 1915 cewa adiranalin ne ke shirya dabba ta yi faɗa ko ta ranta a na kare. Hans Selye ya nuna a Montreal a 1936 cewa ɓerayen da aka daɗe ana wahalarwa ƙullutunsu na kumbura, cikinsu na yin gyambo.

Ɓangaren kotisol ya zo daga baya. Edward Kendall a asibitin Mayo da Tadeus Reichstein a Suwizalan sun tace danginsa a shekarun 1930. A Satumbar 1948 Philip Hench ya ba wata mata mai amosanin gaɓɓai kotison, ɗaya daga cikin dangin kotisol ɗin, da aka haɗa daga matsarmamar shanu, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 1950. Sinadarin ƙwaƙwalwa da ke ba da umarnin farko na sakin kotisol kuwa sai a 1981 Wylie Vale ya tace shi daga ƙwaƙwalen tumaki.